Tulun Iya Bai Narke Ba

Kakata Iya Hanne maginiyar tukwane ce a Wudil, kuma duk jikokinta mun san ba a samun tatsuniya a bakinta sai an kwashe tuwo, garwashin murhu ya fara lumshewa. Nan za mu kewaye ta, tana gasa tafin hannunta da yumɓu ya tsattsaga. Ni take fara tsokana, wai ni ne maigidanta da bai taɓa yin cefane ba. Sannan ta ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai tare ta?" Mu ce ta zo mu ji ta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani ɗan tulu. An jera shi a wuta da 'yan'uwansa, sai ya jiyo hayaniyar kasuwa, ya ce shi kam ba zai iya jira ba. Ya yi tsalle ya fice bai gasu ba, yana gangarawa yana taƙama. Da ya isa bakin kogi ya ce bari ya nuna wa duniya shi ma tulu ne, ya ɗebi ruwa. Nan take ya narke ya koma taɓo. Duk sanda ta kawo nan sai ta harare ni, ni kuwa in yi kamar ban gani ba.

Na girma na tafi karatun zane a Zariya, a shekarun da kuɗin man fetur ya sa kowa ya rataya rediyo a kafaɗa. A shekarar ƙarshe wani malaminmu ya nuna mana yadda ake sa abu marar rai ya yi motsi a fim: ka ɗauki hoto ɗaya, ka gusar da abin kaɗan, ka sake ɗauka. Na ari ƙaramar kyamara da fim na minti uku, na sayi kaset ɗaya, na taho gida hutu. Niyyata in yi tatsuniyar tulu, muryar Iya tana bin hoton. Da wannan aikin za a yanke mini sakamako.

Ban taɓa shan wuya irin wannan ba. Na gina tulu mai ido da ƙafafun waya, rana ta fasa shi. Na sake wani, kaza ta bi ta kan kasuwar da na jera da kwalaye da tsummoki. Kafin in ɗauki hoto ashirin inuwar katanga ta matso ta rufe komai. Iya tana wucewa tana cewa, "Maigida, wannan ne karatun? Ka je har Zariya ka dawo kana wasan 'yar tsana?" Kwana goma sha tara na yi a durƙushe kafin tulun ya narke a kwanon ruwa, fim ya ƙare.

Saura murya. Na kawo mata rikoda da hantsi, ta ce ba ta haukace ba da za ta yi tatsuniya da rana, ko so nake ta ɓata a hanya? Na haɗiye fushina na jira aka ci tuwo. Yara suka taru, har da Ladidi, 'yar yayata. Iya ta kai tulu bakin kogi lafiya lau. Sai kawai na ji tulun ya ga ruwa ya tsorata, ya juya ya koma wuta, 'yan'uwansa suka matsa masa wuri.

Ban ko kashe rikodar ba na ce, "Iya, ba haka take ba! Narkewa ya yi!" Sai a nan na kashe rikodar.

"A wajenka ya narke," in ji ta, "kai da ba ka jiran tuwo ya huce. Ladidi kuwa kwana uku ke nan da ta gudo daga makaranta, tana tsoron komawa. In narkar mata da tulu?"

"To sake, ki yi irin tawa."

"Sai gobe, in Allah ya kai mu, in na ga wanda ta dace da shi."

Gobe kuwa motar safe zan bi. Na tafi raina a ɓace, ko sallamar kirki ban yi mata ba. Da aka wanko fim, hoto yana faɗin abu ɗaya, murya tana faɗin wani. Tafiyar minti goma ce tsakanina da mai sayar da kaset, amma haushi bai bar ni na fita ba. Na mayar da kaset ɗin baya, na ɗora muryata a kan tata.

Na ci jarrabawa. Iya ta rasu da daminar shekarar.

Na daɗe ina ganin ita ta ɓata mini aiki. Sai da na haifi nawa na gane Iya ba ta yanke ƙarshen tatsuniya sai ta dubi fuskar wanda ke zaune gabanta, ni kuwa na so in ɗaure ta wuri guda don malamai su ba ni maki. Kaset ɗin yana nan, kuma har yau in na saka shi haushin kaina nake ji. Da yake tata ta fi tawa tsawo, in muryata ta ƙare sai tata ta ɓullo: "Suka ce masa, zo ka zauna, ai wurinka yana nan." Abin da ya rage mini na muryarta ke nan. Daga nan sai ni, ina daka mata tsawa cewa ba haka take ba.