Alƙalamin da Koma ta Kamo

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya cinye tsohon ƙauyenmu, ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Wata ranar kasuwa wani dattijon masunci daga cikin mutanenmu ya same ni a makaranta. Bayan mun gaisa, ya zaro wani abu daga aljihu.

"Malam, duba mini wannan. A cikin komata na same shi. Biro ne?"

Ba biro ba ne. Tsohon alƙalami ne irin na zamanin Turawa, kore mai ratsin baƙi, bakinsa ruwan zinariya, da ɗan ƙarfe a gefe da ake ɗagawa ya zuƙi tawada. An daɗe da daina kawo irinsa. Da na juya murfin na ga gurbin haƙori, sai na gane mai shi. Baffana, tsohon malamin gona, shi ne mai tauna murfi in yana tunani. Tun farkon damina ya ce mana zai je Doguwa, kuma ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

"Baba, a ina ka jefa komar?"

Ya ce, "Daidai kan tsohon gidanku, wajen tsamiyar nan da ta nutse. Komar ta yi nauyi ƙwarai, ɗana. Da ƙyar na fizgo ta, a yage."

Washegari muka fita da kwalekwale, ni da 'yan'uwana, muka wuni muna zagaya wurin. Ruwan ya kwanta lumui, ba mu ga komai ba. Baffa bai dawo ba, masuncin kuma bai ƙara kai komarsa can ba.