Mijinyawa da Banatin Rogo Ruma

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, Ya keɓe wa kanSa sanin abin da ya ɓuya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, an yi wani dattijo a Karaye ana ce masa Mijinyawa, mai gyaran kwado da fitila a gefen kasuwa. Yana cikin samarin da aka ɗiba zuwa yaƙin Burma a zamanin Nasara. Matarsa Saude ta rasu shekarar da fari ya ƙone gero, 'yarsa guda, Lami, tana aure can nesa. Gidan ya zama daga shi sai buta da buzun salla, sai kuma banati, wato wuƙar nan da soja ke kafawa a bakin bindiga, jere a bangon ɗakinsa.

Duk inda ya ji labarin banati sai ya je. Wani a hannun mahauci ya same shi, wani a gona ana tonon gyaɗa da shi. Ba ya duban kaifi ko tsini. Yakan shafa man gyaɗa a gindin ruwan wuƙar, kusa da ƙota, ya karkata ta ga hasken rana, ya karanta abin da maƙerinta ya buga: kambin sarkin Ingila, da wata alama mai kama da sawun kaza wadda ke nuna kayan gwamnati ne, da haruffan maƙera, da shekarar ƙira. A ɗakin ajiyar makamai ya koyi wannan karatu. Ya iya cewa wannan ƙirar Ingila ce, wancan na Indiya ne, ga shi gajere, ƙarfensa baƙi.

Maƙwabtansa na kasuwa sukan tsokane shi: "Baba soja, yaushe za a koma fagen dagar ne, mu yi maka guzuri?"

Yakan ce, "Ranar da kuka iya tsayawa a sahu ba karkace."

Ba su san abin da yake nema ba. A dajin Burma ya yi amini, wani Bafulatani daga yammacin Kano wanda ya shiga soja da sunan Hammawa, sunan da ba na yanka ba, domin gudowa ya yi daga gida. Sun yi musayar banati don ƙulla amana. Na Mijinyawa, wanda ya koma hannun Hammawa, yana da aibi: hannun maƙerin ya goce, ya buga kambin sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ranar da harsashi ya sami Hammawa, aka ɗauke shi a gadon masu rauni da sauran numfashi, da banatin a ƙugunsa, daga nan labarinsa ya yanke. In an ga wannan ƙarfe a ƙasar Kano, to Hammawa ya iso gida da ransa. Wannan kaɗai Mijinyawa ke son sani kafin ya koma ga Ubangijinsa.

Wata ranar kasuwar Rogo, ya je can da kayan gyaransa, sai wani makiyayi mai suna Jibo ya kawo masa gyaran fitila, ya ga banati a tabarmarsa, ya ce, "Irin wannan akwai shi a rugarmu ta Rogo Ruma. Bappanmu ne ya dawo da shi daga yaƙi, yana ɗingishi. Ya daɗe da rasuwa."

Mijinyawa ya bi shi tun ranar. Ya tarar da matar mamacin, Goggo Tasalla, tsohuwa tukuf, a gindin tsamiya. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ta sunan maigidanta. Ta ja mayafi ta kawar da kai, domin Bafulatana ba ta kama sunan miji, ko da yana kabari. Jibo ya faɗi sunan yankan, amma Mijinyawa bai amfana da shi ba, tun da bai taɓa sanin na amininsa ba. Sunan Hammawa kuwa babu wanda ya taɓa jin an kira mamacin da shi.

Ya ce, "Goggo, a nuna mini wuƙar, ita za ta faɗa mini."

Ta ce, "Tana kan jariri, Malam. Jikata ta haihu. Ƙarfen da ke tsaron mai jego ba ya fita sai an yi suna, kai kuma ba ka shiga bukkar. Ka yi haƙuri, za a kawo maka har gida."

Bukkar tana nan gabansa, yana jin kukan jaririn. Ya yi wa abin da aka haifa addu'a, ya koma Karaye. Kwanakin nan bai fita kasuwa ba, yana zaune a zaure yana duban hanya.

Bayan suna sai ga Jibo, da Sulle maƙerin Rogo, suna fara'a. Jibo ya durƙusa ya miƙa banatin da hannu biyu, cikin sabon kube na jar fata.

"Goggo ta ce ta ba ka kyauta. Ta ce abin kunya ne a kai wa dattijo ƙarfe mai tsatsa, shi ne muka biya ta maƙera."

Mijinyawa ya zare shi. Yana walƙiya kamar azurfa, daga tsini har ƙota. Ya karkata shi ga rana, ya shafa gindinsa da babban yatsa. Sumul. Dutsen washi bai bar komai ba.

Sulle ya ce, "Na sha wuya a nan wurin, Baba. Wasu 'yan zane-zane ne suka riƙe datti, sai da na ci ƙarfen sosai."

"A cikin zanen, ka ga kambi? Ɗaya ne ko biyu?"

"Wallahi, Baba, ban duba ba. Ni tsatsa nake bi."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya ga fuskokinsu suna jiran yabo, ya san alheri suka nufa. Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Allah Ya yi albarka. A gaishe mini da Goggo."

Daga ranar bai ƙara neman banati ba, domin in wannan ne, babu wani da za a samu, in kuwa ba shi ba ne, ƙafa ta riga ta gaji. Ya rataye shi dabam, sama da shimfiɗarsa. Wasu lokuta da hantsi akan hango shi a zaure yana shafa masa mai, yana karkata shi ga haske. Ya rasu da damina, kafin saƙo ya kai ga Lami. Mu maƙwabta muka yi masa sutura.

Allah, Kai ne masanin abin da dutse ya share. Ka jiƙan bawanKa Mijinyawa, Ka ɗebe masa kewar kabari, Ka sada shi da amininsa a gidan da ba a neman kowa da alama. Amin.