Mai Rediyo da 'Yarsa Mai Shiru

Duk wanda ya bi ta layin masu gyara ya san Mai Rediyo, wani siririn mutum mai tabarau ɗaure da zare, da rumfarsa wadda ba ta fi akurkin kaji da komai ba. Tun yana saurayi yake nan cikin warin dalma da tarkacen wayoyi. Kawo masa rediyon da ya shekara bai ce uffan ba, zai kara kunne, ya ɗan tsokane shi, sai ka ji labarai na zuba.

Amma kash! 'Yarsa ta fari, wadda suke kira 'Yar Baba, ta doshi shekara uku ko "Baba" ɗin ba ta taɓa furtawa ba. Tela maƙwabcinsa yakan tsokane shi, "Kai da kake sa ƙarfe magana, ta gida ta gagare ka?" Sai ya yi yaƙe kawai, amma wallahi maganar na cin ransa.

Mahaifiyarsa, Inna, ta daɗe da yanke hukunci. "Allurar rigakafin nan ce," in ji ta. "Da idona na ga zazzaɓin da yarinyar nan ta yi ranar. Tun daga nan kanta ya yi sanyi." Da aka haifa masa namiji kuwa, sai ta kafe, "Wannan kam, ina raye ba mai soka masa komai." Wata ya bi wata, jariri har ya fara rarrafe, ga ƙyanda ta shigo unguwa tana kwantar da yara. Matarsa ba ta iya musu da suruka, sai dai ta bi shi da ido. Shi kuma tsoro biyu ya sa shi gaba: a kai yaron ya zama kamar yayarsa, ko a bar shi ƙyanda ta same shi.

Ana nan, wata safiya wani direba ya faɗo rumfar yana kumfar baki. "Eriya kaɗai na ce ka canza mini, ka kashe mini rediyo!" Mai Rediyo ya kwance bayan, ya nuna masa: batir ya yi ruwa ya cinye waya, tsatsa har ta yi kore.

"Haba Malam," ya ce, "wannan ciwon ya riga hannuna zuwa. Don ni na taɓa shi daga ƙarshe, shi ke nan ni na ɓata? Ai sai an buɗe an duba."

Yana rufe baki ya yi sororo. Shi da bai taɓa ɗora wa wata waya laifi ba sai ya gwada, ga shi ya bar 'yar cikinsa da zato, ba wanda ya duba ta. Ya ja ƙofar rumfa, ya nufi gida, ya saɓa 'Yar Baba a kafaɗa, sai asibiti.

Likitar ta yi wasa da yarinyar, ta ga yadda take jera murafen kwalba daga ƙarami zuwa babba, sannan ta haska kunnuwanta. "Kanta garau yake," ta ce. "Ruwa ne ya taru a kunnen saboda yawan mura, tana jin ku kamar daga ƙasan rijiya. Yana da magani. Zazzaɓin bayan allura kuwa kan zo ya wuce, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ƙyandar da kake faɗa ita ce ke iya kurmantar da yaro."

Aka shiga jinyar kunne. Ana cikin haka Mai Rediyo ya durƙusa gaban Inna. "Inna, ki gafarce ni, gobe zan kai yaron nan rigakafi." Ta yi masa banza. Da safe sai ga ta da mayafi, wai za ta je ta ga ɓarnar da idonta.

Allura na shiga, jariri ya tsandara ihu. 'Yar Baba, wadda a da ko kwano ya faɗi ba ta waiwaya, ta zabura ta toshe kunne. Sai ta matso, ta shafa ƙafar ƙanenta, ta ce, "Sannu."

Mai Rediyo ya cire tabarau, hawaye shaɓe-shaɓe. Inna ta fyace hanci da bakin mayafi, ta harare shi. "To, me kake kallo? Ni dama na ce a duba kunnen yarinyar nan."

Yanzu 'Yar Baba na makaranta, ƙanen na biye da ita lafiya lau. In an tashi sukan biya ta rumfa, ta hau zuba ba ƙaƙƙautawa. Tela ya leƙo ya ce, "Don Allah rage mana murya!" Mai Rediyo sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya ce mata ta ci gaba.