Mai Gyaran Injin Ƙyanƙyasa

A rumfar gyara, wata dattijuwa mai tabarau ɗaure da zare tana duƙe kan injin ƙyanƙyasa. Yatsunta duk tabon dalma ne, wataƙila sana'ar mahaifinta ta gada. Mai kaji yana tsaye, hankalinsa na kan ƙwan da ya baro cikin bargo.

"Ɗana, 'yar ƙwaƙwalwar nan aiki biyu ta iya," in ji ta. "Ko ta ƙirga bugun agogon cikinta ta san lokacin juya ƙwai, ko ta ƙirga bugun da ke zuwa mata daga waje, kamar baƙo na ƙwanƙwasa ƙofa. Kai ka bar ta tana jiran baƙo, ba mai ƙwanƙwasawa!"

Ta gyara saitin. Can sai farantin ƙwai ya karkata.

"Ruga gida," ta ce tana dariya, "ka gaya wa ƙwan uwarsu ta farka."