Ranar da Muka Cinye Uban Kifayen Kawu

Zan iya manta ranar da na karɓi takardar digirina, amma ban da ranar da na yi wa tarwaɗar Kawu allura a Gummi. Har yau in na ji ƙamshin farfesun kifi sai kunya ta rufe ni.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, kaina cike da ilimi, ba wurin zubarwa. Bincikena na ƙarshe a kan fituitari ne, wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai aika wa sassan jiki umarni. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tambaye ni abin da na karanta, ya shiga uku.

Kawu, ƙanin Innata, yana kiwon kifi a kwarmin siminti bayan gidansa. Ya gaji da doguwar tafiya sayo 'ya'yan kifi, rabinsu su mutu a hanya, sai ya ware tarwaɗa biyu, mace da namiji, ya yi shekara ɗaya da rabi yana tattalinsu don ya samu irin kansa. Cikin macen ya cika da ƙwai, amma ta ƙi saki.

Nan na samu abin da nake nema. Na zaunar da shi, na ɗauki tsinke ina zane a ƙasa. Na ce masa saƙon ƙwaƙwalwa ba ya shiga cikin ƙwayoyin fituitari, a bakin ƙofa yake tsayawa ya taɓa makarɓinsa. Daga ciki akwai wani ɗan aike da ake kira cAMP. Wani saƙon yana ƙara yawansa, wani yana rage shi, kuma kifin da ke tsare mai ragewar ne ke rinjaye a kansa, shi ya sa umarnin sakin ƙwai ba ya fita. Maganin shi ne mu ciro fituitarin wani kifin, mu yi mata allura da shi.

Kawu ya saurara har na gaji don kaina, sannan ya ce, "Ni dai ɗiyan kihi nika so. Kana iyawa?"

Na ce masa wannan ai wasan yara ne.

Washegari bayan sallar Asuba na yanka namijin, na fasa kansa, na lalubo ƙwayar, ba ta fi ƙwayar gero ba. Na murje ta a ruwan gishiri, na zuƙa a sirinji, na tsira wa macen. Matar Kawu ta leƙo, ta nuna sauran kifin ta ce, "Wanga fa, da sauran aiki nai?" Na ɗaga mata hannu kamar babban likita, na ce aikin kimiyya ya ƙare, ta ɗauka. Da rana muka sha farfesu. Ni har ƙari na nema.

Da La'asar na danna cikin macen, sai ga ƙwai suna kwarara cikin roba, gwanin sha'awa. Na dubi Kawu ina murmushi, na ce to ga aikin cAMP nan ya gani da idonsa.

"Madalla," in ji shi. "Sai mi kuma?"

Na buɗe baki zan ce sai a farke cikin namiji a zuba ruwansa a kan ƙwan nan take, sai na tuna da namijin. Na leƙa kwarmin, ba wani namijin da ya ƙosa. Na waiwaya, ga kwanon ƙayoyi can kaji na tsattsaga.

Kawu ya miƙe. Ya hau mashin ya nufi bakin gulbi neman namiji mai rai wurin masunta. Kafin ya dawo ƙwan sun yi fari, sun lalace. Ya daɗe tsaye a kan robar, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga baya ya gaya mini tun da safe abin ya tsaya masa a rai, amma ya ɗauka boko ta samo wata dabara, shi ya sa ya yi shiru. Wannan ya fi komai yi mini zafi. Na cika shi da surutu har ya ji nauyin faɗin abin da ya sani.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Saƙonka ya isa, ɗana. Uban ɗiyan ne dai kac cinye, har da ƙari."

Tun daga ranar ba na fara aiki sai na tambayi kaina da me zan ƙarasa shi. Kuma in wani ya ce mini "wannan fa?", ajiye tsinken zane nake yi in saurare shi.