Zugun Inna

Mun tashi daga Diggi ana kiran assalatu, ni da ƙawata mai sayar da gwanjo, cikin ɗarin da ke sa haƙora kaɗawa. Ita kasuwa za ta ci a Gwandu, ni kuwa aiken Inna ne ya fitar da ni. Tun shigowar sanyin bana mahaifiyata ba ta leƙo tsakar gida ba. Tari ya riƙe ta, abinci sai an yi da gaske, gwadon aurenta da take lulluɓa da shi tun kafin a haife ni duk ya zama ƙofofi. Na zaɓo mata suwaita mai kyau daga dilar ƙawata, ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce ita ba ta sa rigar da ba ta san wanda ya mutu ya bari ba. Sai ta ce in je garinsu Gwandu, gidan masaƙan da suka yi mata gwadon, in sayo zugu guda na fari, saƙar hannu, kada a sa masa ko zare ɗaya na launi. Na yi murna ƙwarai, na ce yau dai Inna ta so wani abu.

A-kori-kura ce ta kawo mu Kalgo, muna zaune kan buhunan shinkafa, iska na yankan kunne. Kowace mace a motar da irin dabararta. Wata ta ɗaura zane uku, wata ta sa safar mijinta a hannu, ƙawata kuwa ta sha wata jar suwaita mai hoton dabba mai ƙaho wadda ko Fulanin da ke cikin motar sun kasa gane jinsinta. A tasha muka sha kunun tsamiya da ƙosai, ƙosan nan tun da aka shiga tsuke bakin aljihu yake ta ramewa, kuɗinsa na ƙiba. Daga nan muka shiga Fijo zuwa Birnin Kebbi, wanda tun da aka ba mu jiha ya cika da baƙi masu neman haya, muka sake mota zuwa Gwandu. Hanya ba laifi, sai dai direban ya ɗauka duk ramin da ya gani ɗan'uwansa ne, sai ya shiga sun gaisa. Fadamu kuwa shar da albasa da rake.

Gidan masaƙan bai yi wuyar samu ba. Na tarar da dattijo a zaure yana jefa ƙoshiya, ƙafafunsa na aiki kamar ba na tsoho ba. Muka gaisa, na faɗi sunan gidan su Inna, ya gane ta sarai. Sai na karanto saƙon yadda aka ba ni, har da cewa wanda zai ishi mace.

Ya ajiye ƙoshiyar. Ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Allah shi jiƙan ta. Yaushe anka yi rashin, ɗiyata?"

Na ce wane rashi? Inna na nan da ranta, zanen sanyi zan ɗinka mata. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce a wurinsu mace ba ta aiko neman zugun fari zalla don ado. Mai son gwado takan faɗi irin ratsin da take so. Wannan da aka aiko ni, likkafani ne.

Mu da muka taso muka ga ana yanko alawayyo a kanti in an yi mutuwa, ina zan sani? Na zauna a dakalin zauren na yi kuka mai isata. Ashe Inna sallama take yi da mu, ni kuma na shigo mota ina murna. Da kukan ya wuce sai haushi ya zo, kuma haushin ne ya tashe ni tsaye. Na sayi zugun, don ban taɓa ƙin aiken Inna ba, amma ban zarce gida ba.

A Kalgo na sauka, gidan wata 'yar'uwar mijina. Ɗinki sana'ata ce, don haka na ari kekenta na haɗa saƙar ƙwarya-ƙwarya, na fitar da zane da mayafi da riga mai dogon hannu. Da safe na ɗauka sai karofi. Marinin ya juya kayan ya ce fari mai kyau haka, ko shuɗi-shuɗi zai yi min? Na ce baƙi nake so, baƙi wuluk, wanda ko duk sabulun Kalgo aka tara ba zai dawo da shi ba. Ya ce to sai na yi haƙuri, baban rini ba ya son gaggawa. Na ce zan jira.

Na jira kuwa. Kullum ina bakin marina kamar mai gadi, ina kallo a tsoma, a fitar da shi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, a shanya, a sake tsomawa. Da rana in sayi soyayyen kifi wurin matan da ke kawowa daga bakin gulbi, in ci a tsaye. Ƙawata ta biyo ta kan hanyarta ta komawa, suwaitarta har ta fara fitar da ƙuraje, ta ce ni dai taurin kaina gado ne. Da rini ya kama aka kai wa mabuga, suka buge shi da shuni har yana ɗaukar ido.

Da na iso gida ban nuna mata nan take ba. Na ɗauko tsohon gwadon, na yanke inda ya rage da ƙarfi na yi wa rigar shafi daga ciki, don ɗumin da ta saba da shi ya bi ta. Sannan na shiga na ajiye a gabanta.

Ta shafa, shuni ya kama mata yatsu. Ta ce, "Hwari nic ce miki."

Na ce, "Fari na sayo, Inna."

"Kin ɓata shi. Wanga ba ya shiga kushewa."

"Shi ya sa."

Na san mutuwa ba ruwanta da rini, kuma ban ce na fi Inna sanin jikinta ba. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne tsofaffinmu ba sa faɗin babbar magana da baki, a cikin aike suke naɗe ta. Ta kuma koya min cewa tufar kirki ita ce wadda ke sa mutum ya so fita a gan shi.

Can ta tambaya wa zai koma Gwandu ya sayo wani. Na ce ni, amma ba bana ba.

Washegari da hantsi na fito da tsintsiya na tarar da ita zaune a rana, ta sha baƙin nan tun daga kai har ƙafa, tana faɗa wai kunun ba tsamiya, a ƙaro mata wani.