Masu Ambaton Mai Ɓeraye

A wurin aiki Dokta ake ce masa, a gida kuwa Mai Ɓeraye. Yayarsa ce ta laƙaba masa sunan tun yana ɗalibi, ranar da ya dawo gida rigarsa na warin keji, sunan kuma ya bi shi har furfura ta fito masa a gefen kunne. Ba ya jin haushi, don aikinsa ke nan. Ƙwaƙwalwa yake bincike a jami'a, musamman yadda mantuwa ke kama tsofaffi. Ofishinsa na hawa na biyu, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. A ƙasa kuma akwai wani dogon ɗaki inda kejin ɓerayensa ke jere a kan kantoci, fanka na juyawa a kansu.

Auta ne. Yana ƙarami mahaifinsu ya rasu, Mama ce ta yi ta taka keken ɗinki har ya gama karatu. Ya taso shiru-shiru, ba ruwansa da hayaniya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya share shekaru yana rubuta muƙalolin da ko kare bai shinshina ba.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Ba a cika tambayarka me ka gano ba. Abin da ake tambaya shi ne masu bincike nawa suka ambaci aikinka a cikin nasu. Akwai wani shafi a intanet da ke ƙirga wannan ambato, ya liƙa wa kowa lambarsa a gefen hotonsa. Da lambar ake ƙarin girma, da ita ake gayyatar mutum taro, kai har da ita ake sanin wanda zai fara gaida wani a baranda. Abin takaicin shi ne, ba mai buɗe muƙalolin ya ga me aka faɗa a kansa. Manyan mutane masu gilashi, da safe kowa ya leƙa lambarsa kamar mai duba tukunya a kan wuta, ya rufe, ya kama gabansa.

Sai Allah ya kawo muƙalar da ta fito da shi. Ya gwada wani sinadari da ake tatsa daga ɓawon wani itace a kan tsofaffin ɓeraye, ya ga suna gane hanya a cikin akwatin lunguna fiye da waɗanda ba a ba su ba. Bayan 'yan makonni ya yi abin da aka saba yi a ƙarshen gwaji, wato ya kashe su don ya duba ƙwaƙwalwarsu. Bai ga wani aibu ba. Wata babbar mujalla ta buga.

A daidai wannan lokacin ne Mama ta fara mantuwa. Ta ajiye almakashi a firji. Ta tambayi yaushe mijinta zai dawo daga kasuwa. Yaya, wadda ta dawo gidan da zama don ta kula da ita, ta tare shi a ƙofar kicin.

“Wai ba kai ne ka gano maganin mantuwa ba? Na ga ana sayar da shi a kemis, kafso-kafso a kwalba.”

“A ɓeraye na gwada, Yaya. Ba a kai ga mutane ba tukuna.”

“Au, ɓera ya samu, uwarka ta rasa? Kai dai Mai Ɓeraye ba ka da ta ido.”

Ya yi dariya, amma maganar ta soke shi. Yana son Mama, kuma yana tsoron ranar da za ta dube shi ta rasa ko wane ne. Ya ce to, a ba ta guda ɗaya a rana, kada a wuce haka.

Shekara ta zagayo, wata ta biyo, sai lambarsa ta fara hawa. Da can sai a yi wata ba ta motsa ba, yanzu kuwa kusan kowace safiya da ƙari, kuma duk a kan muƙalar nan guda. Bakinsa har kunne. In ya kira Yaya don jin lafiyar Mama, sai ya ƙara da cewa, “Yau ma an ambace ni, Yaya. Duniya ta fara yarda da aikin nan.” Ita kuma ta yi ta sa masa albarka.

Amma baranda ta canja. Abokin aikinsa mai tsokanarsa kullum ya koma gaisuwa daga nesa. In ya shiga ɗakin shan shayi sai hira ta mutu, kowa ya kama juya cokali. Shugaban sashe, wanda da kansa ya ce masa ya haɗo takardun neman farfesa, ya tsare shi a matakala yana kallon bango ya ce, “Dokta, mu ɗan dakata da maganar nan tukuna.” Masu wani taro da suka gayyace shi ya yi jawabi suka sake rubutowa cewa sun fi son ya zo ya amsa tambayoyi. Duk wannan ya ɗauke shi a matsayin hassada. Mutum in yana son abu, ba abin da ba zai fassara yadda ya yi masa daɗi ba.

Wata rana da azahar malamar da ke ofishin gefe ta leƙo, ta ja ƙofa ta rufe a bayanta. Ba ta zauna ba.

“Dokta, masu ambaton nan naka, ka karanta su kuwa?”

“Haba Malama, wa ke da lokacin wannan? Ke kina karanta naki?”

“Ba na karantawa,” ta ce. “Amma kai ka karanta. Yau.”

Ta fita. Ya juya ga allon kwamfutar, ya danna muƙala ta farko cikin waɗanda suka ambace shi. Sunansa na cikin sakin layi na farko. Sun maimaita gwajinsa, ba su ga wani amfani ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ce ta sa ya cire gilashinsa ya goge ya mayar. Su ba su kashe ɓerayensu da wuri ba, sun bar su suna shan sinadarin wata da watanni. Daga baya ƙafafun gaba suka fara rawa, ɓerayen suka kasa riƙe abinci. Da aka buɗe kawunansu aka tarar jini na tsiyaya daga ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ɓeran da aka fi ba shi da yawa, shi ya fi saurin lalacewa, kuma ko an daina ba ya komawa daidai. Ya buɗe ta huɗu, ya buɗe ta biyar. Duk maganar ɗaya ce, kuma kowace ta ƙara masa ɗaya a lambarsa.

Ya kira Yaya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sauka da gudu ko ofis bai kulle ba. A hanya motoci sun cushe a shataletale, ya yi ta danna ham kamar mahaukaci, shi da bai taɓa yi wa kowa tsawa ba.

Ya tarar da Mama a falo, a kujerarta ta kusa da taga, an yafa mata mayafi. Tana riƙe da kofin shayi da hannu biyu. Kofin na bugun faranti, shayin na zuba mata a cinya, ita ko a jikinta.

Yaya ta fito daga wanka tana goge fuska. “A'a, Mai Ɓeraye da tsakar rana? Lafiya?”

“Tun yaushe hannunta ke haka?”

“Ya ɗan kwana biyu. Tsufa ne, ban so in ɗaga maka hankali ba kana ta fama da aiki.”

“Maganin nan, guda nawa kike ba ta?”

“Uku mana,” ta ce, har da murmushinta. “Tun da ka ce duniya ta yarda na ƙara mata. Na ce abin da manyan masana suka amince da shi, me za mu tsaya yi wa ƙauro?”

Ya durƙusa a gaban Mama, ya zare kofin a hankali ya ajiye a ƙasa, ya kama hannayenta. Ya matse su, suka ci gaba da rawa a cikin nasa. Mama ta dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, sannan ta juya wajen Yaya.

“Wannan bawan Allah fa, likita ne?”

“Autanki ne, Mama,” in ji Yaya da ƙarfi, don ta ji. “Shi ne ya gano miki maganin da kike sha.”